Tambayoyi da amsoshi kan Wi-Fi na ma'aikata da tsaronshi, ga 'yan uwa na Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin ga na tattaro su ne daga abin da masu makarantu, masu otal, masu asibitocin kuɗi da abokan aiki masu kula da kwamfutoci a ofisoshin garin ga ke yawan turo mani ta WhatsApp. Kusan dai tambaya guda ce ake juyawa, shi ya sa na ga gara in rubuta wuri guda kowa ya karanta. Wasu amsoshin sun yi tsawo don wurin nan ne ake yawan cutuwa, a yi haƙuri a karanta su duka.

Malam, mi ya bambanta Wi-Fi na gida da na ma'aikata? Ba duk intanet ba ce?

Intanet ɗin guda ce, tsarin ne ba guda ba. Ƴar rautar da ke falonka akwati guda ce mai aiki uku ko huɗu, ita ke karɓo intanet, ita ke rarrabawa, ita ke watsa sigina, kuma anka yi ta don mutum goma ko sha biyar da sunka san juna. Ma'aikata kuwa ana raba aikin ne, rauta da fayawol, wato mai gadin da ke tace abin da ke shiga da fita netwok, suna ɗakin saba, suwic na rarraba waya, sannan ga na'urorin watsa sigina da ake maƙalawa a silin, waɗanda muke ce ma akses foyin ko AP a taƙaice, kowace an ja mata wayarta. Duka AP ɗin nan ana sarrafa su daga wuri guda, ko dai da kwantirola a cikin ofis ko ta shafin kamfanin a intanet, kamfanoni irin su Cisco, Aruba, Ruckus, Ubiquiti, MikroTik da TP-Link duk suna da nasu.

Amma babban bambancin da ni nake kallo ba na'ura ba ne. A gida ka san kowa. A ma'aikata dole netwok ɗin ya iya faɗa maka wane ne ya shiga, da wace waya, yaushe, kuma ina da ina anka ba shi izinin zuwa. In bai iya amsa wanga ba, to Wi-Fi na gida ne anka faɗaɗa, ko nawa anka kashe.

Mi ne ne SSID?

Sunan da kake gani in ka buɗe Wi-Fi a wayarka, shi ke nan. AP guda na iya watsa suna fiye da guda, misali na ma'aikata daban na baƙi daban. Kar dai a cika su, uku ko huɗu sun isa, don kowane suna yana ta sanar da kanshi a iska kusan sau goma a daƙiƙa guda, kuma wanga sanarwa na cin lokacin da ya kamata a tura data.

Ina ganin 802.11, ina ganin Wi-Fi 5, Wi-Fi 6. Wanne zan saya?

802.11 lambar ƙa'idar ce da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar tun 1997, ana ƙara mata haruffa duk sanda anka inganta ta, b da a a 1999, g a 2003, n a 2009, ac a 2013, sai ax. Da harufan sunka rikita mutane sai ƙungiyar kamfanonin Wi-Fi, wato Wi-Fi Alliance, ta sa masu lamba a 2018, n ya koma Wi-Fi 4, ac Wi-Fi 5, ax Wi-Fi 6, yanzu ma har akwai Wi-Fi 7. Shawarata ga mai saye yau ya ɗauki Wi-Fi 6, ba don gudun da anka rubuta a kwali ba, wannan gudun ba wanda ke samunshi a zahiri, sai don ya fi iya ɗaukar cunkoso, ajin da ɗalibai sittin ke ciki kowa da waya.

2.4 da 5 fa, wanne ya fi?

Zango biyu ne na rediyo. 2.4 GHz ya fi nisa ya fi ratsa bango, amma cike yake da hayaniya, Bluetooth na nan, injin ɗumama abinci na nan, Wi-Fi na maƙwabta na nan, hotsifot ɗin wayar kowa na nan, kuma tashoshi uku kacal gare shi da ba su hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Duk wanda ya sa maka AP a tasha ta 3 ko ta 8 yana ganin ya kauce ma cunkoso, to ya shiga haƙƙin tashoshi biyu ne a lokaci guda. 5 GHz tashoshinshi sun fi yawa kuma ya fi gudu, sai dai bulo da kankare na cinye shi da wuri. Ginin ofisoshinmu na nan, bulo inci tara ga dekin da rodi a ciki, kar ka sa ran sigina ta 5 ta tsallake bango uku ta iske ka da ƙarfinta. Abin da ake yi shi ne a tsara ginin bisa 5, a bar 2.4 ma tsofaffin wayoyi da firinta da irinsu.

Sigina ta cika amma ba ta tafiya, mi ke faruwa?

Wagga ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa. Sandunan da kake gani a waya suna gaya maka ƙarfin da wayarka ke jin AP ne kawai, ba su ce komai kan yawan mutanen da ke layi ba. A tasha guda na'ura guda ce ke magana a lokaci guda, saura na jira, kuma tsohuwar waya da ke can nesa tana magana a hankali ita ma sai an jira ta gama. To in ka haɗa mutum tamanin kan AP guda kowa zai ga sigina a cike kuma kowa na kuka. Wani lokacin ma ba Wi-Fi ke da laifi ba, layin intanet ɗin da anka saya ne ƙarami, megabit 20 ga ma'aikata sukutum, ko kuwa wani na can yana sauke fim.

Mu ba mu auna sigina da sanduna, da dBm muke aunawa, lamba ce mai alamar ragi, -50 ta fi -70 ƙarfi. Inda ake son kiran murya ko na bidiyo ya tahi sumul ana neman -67 ko abin da ya fi ta. Kuma don Allah a daina ƙure ƙarfin AP har ƙarshe, AP na iya ɗaga murya ta kai ƙofar get amma ƙaramar waya ba ta da ƙarfin maido amsa daga can. AP da yawa masu matsakaicin ƙarfi sun fi guda mai ƙarfi.

Ba sai in sayi rifita in ƙara ba?

A gida a yi, a ofis ban so. Rifita mai rediyo guda tana saurare sannan ta maimaita a tasha guda, gudun na raguwa kusan rabi. In ana iya jan waya a ja waya.

Ina zagaya ofis kira na yankewa, alhali ko'ina akwai AP

Wayarka ce ke yanke shawarar sakin wannan AP ta kama waccan, ba netwok ba, kuma wasu wayoyin na liƙe ma ta farko har sai sigina ta kusa mutuwa. Akwai ƙa'idoji uku da ke taimakawa, 802.11k na ba waya jerin AP na kusa, 802.11v na ba ta shawarar ta koma, 802.11r na gajarta tantancewa don kada a sake komai daga farko. A ce ma mai saitin ya kunna su, amma ya gwada da tsofaffin na'urorin da ke gidan don wasu ba su jituwa da 802.11r.

WEP, WPA, WPA2, WPA3, mi ne ne duk wanga?

Makullan da ke ɓoye abin da ke yawo a iska ne tsakanin wayarka da AP. WEP shi ne na farko kuma tun 2001 masana sunka nuna a karye yake, yau cikin mintoci ake buɗe shi. Kamfanin TJX na Amurka ya bayyana a 2007 cewa an sace mashi bayanan katunan banki sama da miliyan 45, kuma ta Wi-Fi na shagunanshi mai WEP ɓarayin sunka fara shiga. WPA ya zo 2003 a matsayin faci, WPA2 ya zo 2004 da hanyar ɓoye bayanai mai ƙarfi da ake ce ma AES, shi anka daɗe ana amfani da shi. A 2017 wani mai bincike, Mathy Vanhoef, ya gano raunin da anka sa ma suna KRACK a cikin WPA2, kamfanoni sunka fitar da gyara, wanda ya sabunta na'urarshi ya tsira. WPA3 ya fito 2018.

In ka shiga saitin ka ga WEP ko TKIP, wato hanyar ɓoye bayanai ta tsohon WPA, a kunne, kashe su yau. WPA2 da AES shi ne mafi ƙaranci, WPA3 in na'urorinku sun ɗauka.

Fasuwod ɗinmu mai tsawo ce, haruffa ashirin. Ba shi ke nan ba?

Tsawon na da amfani ƙwarai, ba na raina shi. A WPA2 mai fasuwod guda, mutum na iya zama cikin mota bakin titi ya naɗi ƴar gaisuwar da waya ke yi da AP lokacin shiga, ya tahi gida ya sa kwamfuta ta yi ta gwada miliyoyin kalmomi ba tare da kun sani ba, to in fasuwod ɗin lambar wayar oga ce ko sunan ma'aikata da shekara a gaba ai ba ta kai ko'ina. WPA3 ya toshe wagga hanya, dole mai gwaji ya zo ya gwada da AP ɗin kanta guda guda.

Amma Yallaɓai matsalar ofis ba tsawo ba ce, yawan masu ita ne. Na shiga wani ofis cikin garin ga na iske fasuwod rubuce da maka a takarda an liƙa ta da salatif jikin kabad ɗin sakatare, daidai inda duk mai jiran ganin oga ke zama yana kallo, takardar har ta yi ja don ƙura, alamar ta shekara nan ba a canza ba. Masinja ya sani, ɗan bautar ƙasa da ya gama bara ya sani, mai shayin bakin get ya sani, kuma wayoyin yanzu da ɗan hoton QR ake miƙa ta ga wani ko ba a furta ba. Ran da anka sallami ma'aikaci cikin fushi yana nan da ita cikin wayarshi, ya faka mashin bayan katanga ya shiga. A ce a canza, sai an bi waya ɗari da kwamfuta hamsin da firintoci, shi ya sa ba a canzawa. Kuma in wata ɓarna ta faru ba ka iya cewa wane ne, kowa da mabuɗi guda ya shiga.

To mi ne ne mafita?

WPA2 ko WPA3 nau'in ma'aikata, wanda a saiti za ka ga an rubuta Enterprise. Ƙa'idar da ke ƙarƙashinshi sunanta 802.1X. Kowane ma'aikaci da nashi suna da tashi fasuwod, ko kuwa satifiket na dijital da anka sa cikin na'urarshi. In ya zo shiga, AP ba ita ke yanke hukunci ba, tana miƙa maganar ga wata saba da ake ce ma RADIUS, ita kuma ta duba rajistar ma'aikata ta ce a bari ko a hana, har tana iya cewa wanga na akawu ne a kai shi sashen kuɗi, wancan ɗalibi ne a kai shi nashi sashe. An sallami mutum? A rufe sunanshi kaɗai, cikin minti guda, ba wanda ya ji a jikinshi. Tsarin eduroam da jami'o'in duniya ke amfani da shi, wanda malami zai je wata jami'a a wata ƙasa wayarshi ta hau da sunanshi na gida, kan wanga tsari anka gina shi.

Mutane na jin RADIUS sai su ɗauka miliyoyi ne. FreeRADIUS kyauta ce, wanda ke da Windows Server yana da NPS a ciki, wasu rautocin ma sun zo da ƴar tasu. Abin da ke da tsada shi ne samun mutumin da zai zauna ya kula da rajistar, ya ƙara sabon ɗauka ya cire wanda ya tahi.

PEAP da EAP-TLS fa?

Hanyoyi ne na gabatar da kai cikin 802.1X. PEAP suna da fasuwod ne, cikin rufaffen layi, ya fi sauƙin farawa. EAP-TLS satifiket ne ɓangare biyu, saba da nata waya da nata, babu fasuwod da za a sace ko a ranta ma aboki, shi ya fi tsaro kuma shi ya fi wahalar kafawa. In PEAP kunka zaɓa akwai abu guda da ba a wasa da shi, dole kowace waya ta riƙa tantance satifiket ɗin saba. Masu saiti da yawa don gaggawa sai su ce ma mutane ku zaɓi kar a tantance, to sun buɗe ƙofa ga abin da ke tambaya ta gaba.

Ana iya yin Wi-Fi na bogi da sunanmu?

Ana iyawa, kuma ba wuya. Mutum ya kunna tashi na'ura ya sa mata sunan ofishinku sak, wani lokacin ya aika saƙon ƙarya da ke tsinke wayoyi daga AP ta gaskiya don su faɗo tashi, daga nan ya nuna shafin bogi ya ce a sake sa fasuwod. Maganin tsinkewar shi ne 802.11w, ana rubuta shi PMF, a WPA3 dole ne a WPA2 zaɓi ne, a kunna. Maganin shafin bogi shi ne tantance satifiket da na faɗa.

Sai dai wanda na fi cin karo da shi ba ɓarawo ba ne, ma'aikaci ne mai kyakkyawar niyya, sigina ba ta kai ofishinshi sai ya sayo ƴar rauta a kasuwa ya soka a ramin wayar bango, ba fasuwod ko mai 12345678, ya buɗe netwok ɗin ma'aikata duka ga titi bai sani ba. AP na ma'aikata na iya sauraren iska su kawo rahoton irin waɗannan, amma gaskiya in ba a gyara mashi siginar ba gobe wani zai sake.

VLAN da kuke ta faɗa, mi ne ne amfaninshi?

Gidan Bahaushe ka duba, baƙo na tsayawa zaure a kawo mashi ruwa a gaisa, ba ya zarcewa cikin gida, balle ɗakin ajiya. VLAN hanya ce ta raba netwok guda gida gida a kan suwic guda da waya guda, baƙi nasu, ma'aikata nasu, kamarorin tsaro nasu, na'urar POS da kwamfutar akawu nasu, fayawol kuma na tsakani tana cewa wa ke iya zuwa wurin wa. Otal ko asibitin da baƙo zai hau Wi-Fi ya ga firinta da kamara da kwamfutar da ke ɗauke da sunayen marasa lafiya, wallahi abin na tayar mani da hankali, kuma gyaran sau da yawa ba sayen komai, saiti ne kawai in suwic ɗin mai karɓar saiti ne. A sashen baƙi a ƙara kunna abin da ke hana wayoyin baƙi ganin junansu, a kuma sa masu iyakar gudu.

Shafin da ke fitowa a otal a sa lambar ɗaki ko tikiti, tsaro ne?

Yana tantance wa zai shiga da tsawon lokacin da zai yi, yana da kyau ga sayar da tikiti, amma shi kanshi ba ya ɓoye abin da ke yawo a iska. Ga baƙi ya yi, ga ma'aikata bai isa ba.

In na ɓoye sunan Wi-Fi na kuma tace lambar MAC?

Duka biyun ba su tare mai niyya. Ɓoyayyen suna na bayyana da zaran wata waya ta zo shiga. Lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke da ita a netwok, a fili take yawo, ana kwafa, kuma tun Android 10 da iOS 14 wayoyi na ƙirƙiro ta wucin gadi ga kowane netwok, wahala kawai za ka ƙara ma kanka. WPS kuwa, hanyar shiga da ƴar lambar sirri mai lamba takwas maimakon fasuwod, tun 2011 anka nuna gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa shi, a kashe.

Zafin Sakkwato da ɗauke wuta na shafar kayan ga?

Ƙwarai. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, tsakanin kwano da silin kuwa ya fi haka nesa, kuma AP na cikin ɗaki da yawa iyakar da anka rubuta masu 40 ce zuwa 50. Kar a ɓoye AP cikin rufi don kwalliya, a maƙala ta ƙarƙashin silin. Ta waje a sayi wadda anka yi don waje mai lambar IP67, wato mai hana ƙura da ruwa shiga, a sa mata abin kare tsawa saboda damina. Ƙurar hunturu na toshe fankar suwic, a riƙa buɗe kabad ana hurewa.

Wuta kuma nan PoE ke da daɗi, wato wayar netwok ɗin ita ke kai ma AP wuta daga suwic, 802.3af na ba da wat 15.4, 802.3at wat 30, to in ka ɗora suwic guda kan inbata ko sola duka AP ɗin ginin sun samu. Tsawon waya kar ya wuce mita 100, kuma a kula da wayar da ake sayarwa da arha wadda alminiyon ce anka shafa ma jan ƙarfe, tana zafi tana zubar da wuta, a kankare bakinta da reza in cikin fari ne a mayar.

Akwai ruwan doka a ciki?

Akwai. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfuta ko netwok ɗin wani ba izini, don haka ɗalibai masu koyon gwajin tsaro ku gwada kan naku kayan ko ku karɓi izini a rubuce. Sannan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora ma duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, in an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan ana son a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Makaranta da asibiti da otal duk bayanan mutane ne a hannunsu.

Zan ba da kwangilar sa Wi-Fi, mi zan tambayi mai aikin?

Alhaji ka tambaye shi ko zai zagaya ginin ya auna sigina kafin ya faɗi yawan AP, wanda ya ba ka lissafi ta waya bai ga bangon ba ka nemi wani. Ka tambaye shi mutum nawa ya lissafa a zauren taro ran da ya cika, yadda zai raba baƙi da ma'aikata, da yadda za a cire mutum guda ba tare da an taɓa saura ba. Wa zai riƙa sabunta manhajar na'urorin bayan ya tahi, kuma akwai lasisin da ake biya duk shekara ko babu, don wasu kayan in lasisi ya ƙare tsayawa suke. Ran miƙa aiki ya canza fasuwod ɗin da kayan sunka zo da ita daga kamfani a gabanka, asusun sarrafawa ya zama da imel ɗin ma'aikata ba nashi ba, ya ba ka zanen inda kowace waya ta bi da lambar da anka liƙa mata, kafin ka biya cikon kuɗin.